Kawu Ya Tafi Bai Dangwala Ba

Daga Allah muka fito, wurinSa za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a tsakiyar zafin bana. An yi masa salla a Harami, an kai shi Baƙi'a, maƙabartar Madina. A can ba a rubuta sunan kowa a kan kabari, saboda haka na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da shi, daki-daki, kafin mu da muka san shi mu ma a kai mu. Ni ba malami ba ne. Mai kula da sito ne a wani masaukin alhazai. Abin da na gani da idona shi zan faɗa, abin da aka gaya mini kuma zan ce gaya mini aka yi.

Zan fara da ranar sadakar uku.

An kafa rumfa a ƙofar gidan 'yarsa, can bayan unguwar Bani Harisa, inda gidaje ke ƙarewa baƙin dutsen harra ya fara. Mutane sun zo da yawa: Kanawa, mutanen Damagaram, Hausawan Sudan, 'yan Cadi, da ɗaliban Jami'a cikin fararen riguna. Kusan kowa ya zo da ruwan shansa a hannu. A wani gidan makoki wannan cin fuska ne, amma a nan ba wanda ya ji haushi. Wasu maƙwabta da suka daɗe ba su gaishe da Kawu ba sun zo sun zauna a gefe, suna cewa "ya haƙuri" ba tare da sun ɗaga ido ba. Babban ɗan Kawu, wanda ke aiki a Jidda, shi ke karɓar gaisuwa. Kusa da shi akwai wani baƙo mai jakar fata, wakilin kamfanin inshora, wanda a nan ake ce wa ta'min.

Rana ta take tsaka, ba a kira azahar ba tukuna, sai ƙasa ta buga.

Sau ɗaya ta buga, a ƙarƙashin tabarmin da muke zaune, kamar wanda aka kulle a ɗaki ya daki ƙofar ƙarfe da tafin hannu. Gahawar da ke cikin finjalin wakilin ta girgiza. Wani dattijo ɗan Cadi ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya tafi ba sallama. A cikin gida wata mata ta rafka salati. Wani saurayi haifaffen nan ya ce da Larabci, "Shi ne, wallahi shi ne," wani malami ya daka masa tsawa ya ce matattu ba sa ƙwanƙwasa.

Sai 'yar Kawu ta zo bakin labule. Ba ta fito ba, muryarta kawai muka ji.

"Kun ji ko? Maza, ina tambaya, kun ji? Baƙon Jidda, kai ma ka ji? To a shaida."

Daga nan ta yi dariya, ta kuma fashe da kuka. Baƙin da ba su san labarin ba suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ta. Ba haka ba ne. Amma kafin a gane abin da take nufi, sai na koma baya.

Kawu da ƙafa ya zo ƙasar nan. Ya baro gida yana saurayi, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Sudan, ya ƙetare teku, ya yi aikin hajji, ya zo ziyara Madina, bai sake fita ba. Ya yi dako, ya yi shara, ya koyi tuƙi, har wani Balarabe ya tsaya masa a matsayin kafili, wato mai tsaya wa baƙo a hukumance, ya samu ya sayi tifar kwasar shara. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son a maimaita masa magana. Lokacin da mahaifiyata ta turo ni wurinsa, ɗaki ɗaya gare shi da iyalinsa. Ya raba baranda da buhu ya ce, "Nan ne naka. Kana tashi ka naɗe tabarma. Gidana ba a barin abu inda aka gama da shi." Da na yi jinyar ƙafa, shi ya riƙa goya ni zuwa banɗaki, yana yi yana faɗa wai na cika nauyi kamar buhun gero jiƙaƙƙe. Bai taɓa ambatar wannan ba bayan na warke.

Bai iya karatu ba, in ban da surorin salla. Daga nan ne babbar ɗabi'arsa ta fito. Duk takardar da ya gani da rubutun Larabci a cikin shara, sai ya tsame ta, ya karkaɗe, ya sa a buhu. Jarida ce, takardar naɗe burodi ce, wasiƙar wani alhaji ce, duk ɗaya. Yana iya tsayar da tifa a tsakiyar titi saboda ya hango takarda a ƙasa, motoci na ta yi masa oda. Kalmarsa ita ce, "Ɗaga shi sama." Mun ji ta har mun gaji.

Wata rana na ce masa, "Kawu, wannan fa tallar sabulu ce."

Ya ce, "Ka karanta har ƙasa?"

Na ce na karanta.

"Babu sunan Allah ko ɗaya?"

Na duba, sai ga sunan mai shagon, irin sunayen nan masu farawa da Abdu.

Ya ce, "Kai da ka iya karatu ka tsallake. Ni da ban iya ba, yaya kake so in yi? Ɗaga shi sama."

Kowace shekara, idan alhazai sun watse, buhunan sun cika. Sai ya yi alwala, ya naɗe su da leda mai kauri, ya rufa farin yadi a kai, ya kai su cikin harra, ƙarƙashin wani dutse mai kama da rumfa, ya binne, ya jera duwatsu. Na raka shi ba sau ɗaya ba. A lokacin babu gida ko ɗaya a wajen. Babu tsuntsu, babu ciyawa, sai iska. Ya ce ya zaɓi wurin ne don babu ƙafar da za ta taka.

Sannan kuɗin mai ya shigo, gine-gine suka tashi ko'ina. Wani kamfanin Turawa ya samu aiki a bayan gari. Su ba sa shiga iyakar Harami, sansaninsu yana waje, saboda haka suna neman direbobi Musulmi. Kafilin Kawu ya samo masa kwasar shararsu. A cikin sharar akwai baramil, wato durom-durom na ƙarfe, a rufe ruf. Aka ce masa ragowar mai ne da fenti da maganin ƙwari, ya kai su nesa da mutane. A jikinsu akwai rubutun boko da jan fenti. Wannan rubutun bai taɓa damun Kawu ba, bai kuma tambayi kowa abin da yake cewa ba. Hanya ɗaya ya sani da ke shiga nesa da mutane, ita ce hanyar dutsen takardunsa. A gangaren wurin akwai wani babban kwari. Nan ya riƙa juye su, har tsawon shekarun aikin. Da kwarin ya cika, kamfanin ya turo katafila ta tura ƙasa da ɓaraguzai a kai, ta daddale.

Tun farkon aikin, magatakardan kamfanin ya sa shi ya dangwala yatsa a kan wata takarda, ya ba shi kwafi. Ya ce ta'min ne: idan motar ko kayan da ta ɗauka suka yi wa wani ɓarna, a jikinsa ko a dukiyarsa, kamfanin inshora zai biya. Kawu ya kai wa wani malami. Malamin ya ce wannan caca ce. Kawu ya rantse a gabansa cewa ko riyal ɗaya na wannan takarda ba zai shiga cikinsa ba. Ya so ya jefar da ita, amma rabinta Larabci ne. Ta shiga buhu, ta bi sauran zuwa ƙarƙashin dutse.

Kamfanin ya gama aikinsa ya tafi. Gari ya ci gaba da tafiya arewa. Wanda ya san harra ya san ba a samun shimfiɗaɗɗen wuri a cikinta sai an fasa dutse da kuɗi mai yawa. Sai ga fili lafiyayye, a daddale, kamar an shirya shi don gini. Mutanenmu masu takardar zama 'yan ƙasa suka fara yin gidaje a kai. Mijin 'yar Kawu yana cikinsu. Na ji da kunnena Kawu yana cewa, "Shara ce a ƙasa, ni na zuba. Wane gari ne ba a kan shara yake ba?" Har murna ya yi, wai 'yarsa za ta zauna kusa da takardunsa.

Abubuwan sun zo a jere, kuma na riƙe jerin.

Da farko kyanwoyi ne. Unguwar da ake yanka kaza a zubar da hanji, amma ba kyanwa ko ɗaya da ke kwana a ciki. Suna zuwa bakin filin su tsaya, su juya. Bayan su sai awaki suka fara ɓari. Sannan rijiyar da aka haƙa don wanki ta fara yin wani maiƙo mai launi a sama, da wari mai zaƙi-zaƙi da ke kama maƙogwaro. Bayan an yi ruwan sama, wasu wurare a tsakar gida ba sa bushewa. Daga nan sai bugun. Ba ya zuwa da sanyi, ba ya zuwa da dare. Sai zafi ya kai zafi, rana ta tsaya a ka, gari ya yi tsit, sannan ka ji shi a tafin ƙafarka kafin kunnenka ya ji. Mata suka ce masu wurin ne. Aka yi sauka, aka yi hayaƙi, aka yanka rago. Bugun bai fasa ba.

A nan akwai abin da dole in faɗa game da mu duka. Babu wanda bakinsa ya iya furta cewa ƙasar ce ba ta da lafiya. Ƙasar Madina ce. Iyayenmu sun yi tafiyar shekaru don a binne su a cikinta. Alhazai suna ƙulle ƙurarta a gefen zane su kai gida. Wa zai buɗe baki ya aibata ta? Da ƙuraje suka feso wa 'yar autar gidan, jikar Kawu, a ƙafafu da hannaye, tsofaffin matan unguwa suka ɗebi ƙasar tsakar gidan, suka kwaɓa da ruwa, suka shafa mata don neman tabarraki. Kullum ana shafawa, kullum fatar tana saɓulewa. Yarinyar ba ta jin Hausa sosai, da Larabci take kuka tana cewa yana ƙona ta. Ana ce mata ta yi haƙuri, magani ne ke aiki.

Abin ya fito fili ne ranar da mijin 'yar Kawu ya sa a haƙa masa sabon ramin masai. Digar leburan ta faɗa kan ƙarfe ta huda shi. Wani baƙin abu mai kauri ya bulbulo. Leburan ya fito daga ramin da rarrafe, ya yi amai, ya suma. Aka kira Kawu. Ya leƙa ramin, ya ga jan rubutun nan a jikin ƙarfen. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na san shi."

Baladiyya, wato hukumar gari, ta zo ta kewaye wurin da waya, ta sa jan fenti a bangon gidajen. Aka toshe rijiyar, aka koma sayen ruwan tanka. Aka ce alhakin kwashewa yana kan kamfanin da ya zuba. Aka nemi kamfanin, ashe ya daɗe da rushewa a ƙasarsu. Aka ce to, in ba a kwashe ba, gidajen za a tashe su. Kwashewa kuwa ba aikin shebur ba ne. Ko an sayar da unguwar duka ba za ta biya ba.

Akwai wani ɗalibin Jami'a, mutumin Zariya, da ke koya wa yaran unguwa karatu. Kafin ya zo neman ilimi ya taɓa aikin akawu a ofishin inshora a gida. Shi ya zo ya durƙusa gaban Kawu, ina wurin.

Ya ce, "Baba, da kuna aikin nan, ba su ba ka wata takarda ba?"

Kawu ya ce, "Sun ba ni takardar caca."

"Baba, irin wannan takardar ba ta mutuwa da mutuwar kamfani. Shekarar da aka yi ɓarnar take kallo, ba shekarar da aka gano ta ba. In an zuba abin nan lokacin da takardar ke aiki, masu inshorar suna nan da ransu, kuma wakilinsu yana Jidda. Amma ba za su nemo maka ita ba. Sai ka kai musu."

"Ustaz, a Jami'ar aka koya maka cin caca?"

"Malamai sun yi saɓani, Baba. Kuma ba kai za ka ci ba."

"Na rantse. Sannan takardar tana ƙasa tare da sunayen Allah. Na yi musu sutura na binne. Kana so in tone kabari?"

Ɗalibin ya yi ta kawo hujja, Kawu ya juya masa ƙeya. Da ni na sa baki, ya ce, "Kai kuma da na goya zuwa masai, yau kai ne mai fatawa?" Aka tashi a haka.

'Yarsa ce ta karya shi. Ita taubashiyata ce, tun muna yara bakinta ya fi nawa kaifi, amma ban taɓa jin ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. Ran nan ma ba ta ɗaga ba. Ta kawo masa abinci, ta ajiye, ta ɗauko yarinyar ta zaunar a gabansa, ta warware tsumman da ke ƙafafunta.

Ta ce, "Baba, duk takardar da ka gani a juji ka ɗaga ta sama. Mu kuma ka bar mu a ciki. Wannan ma akwai sunan Allah a bakinta, kullum da shi take kuka. A ɗaga ta mana."

Bai ci abincin ba. Washegari bayan sallar asuba ya ɗauki diga.

Ya hana kowa taɓa wurin sai shi. Da ya ɗaga duwatsun, sai muka ga ɓarnar da ta auku. Baƙin ruwan nan ya bi ta tsagar dutse ya hauro har ƙarƙashin rumfar. Buhunan ƙasa suna kwance a cikinsa. Farin yadin ya rine. Kawu ya ajiye digar, ya shiga da hannunsa tsirara yana ciro su ɗaya bayan ɗaya, yana rungume su a ƙirji, yana istigfari. Mun ce ya sa safar roba. Ya ce da hannu ya sa su, da hannu zai fitar.

Muka baje takardun a barandar masallacin unguwa. Ɗalibai suka yi alwala suka zauna tsinta. Ban taɓa zama wuri mai shiru irin wannan ba. Wasiƙun mutanen da suka daɗe da mutuwa, takardun asibiti, hotunan fasfo na alhazan da ba a san inda suka ƙare ba, duk suna ɗaukar wannan wari mai zaƙi. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya tsinci wasiƙar ajami daga garinsu, ya karanta rabi, ya tashi ya fita. Takardar da ake nema ta fito a wani buhun tsakiya, gefenta ya ci baƙi amma rubutun yana nan. Kawu ne ya tabbatar da ita. Babban yatsansa na dama yana da tabon lauje tun daga gonar auduga, kuma shaidar da ke ƙasan takardar a tsage take gida biyu.

Ba zan ja zancen zirga-zirgar Jidda ba. An daɗe. Tsohon kafilin Kawu ya tsaya, ɗalibin ya yi ta rubutu, babban ɗan Kawu ya yi ta hawa bene yana sauka. A ƙarshe masu inshorar suka amsa. Ba su ba kowa kuɗi a hannu ba, ɗan kwangila suka ɗauka ya yi aikin. Aka ce wa Kawu rantsuwarsa ba ta karye ba, tunda ba abin da ya shiga cikinsa. Ya ce ya ji, amma duk da haka ya yi azumin kaffara.

Da sanyi aka yi aikin. An kwashe iyalai zuwa gidajen dangi. Mutane masu rufaffiyar fuska suka zo da injuna, suka fasa tsakar gidaje da lunguna, suka yi ta ciro baramil, wasu a kumbure, wasu sun ruɓe. Aka kwashe baƙar ƙasar, aka zuba sabon yashi. Mutane suka dawo. Ƙafafun yarinyar suka fara yin sabuwar fata.

Sai wakilin ya kawo takarda ta biyu. Wannan ta rufewa ce: Kawu ya dangwala cewa an gama, babu sauran nema a kan kamfanin inshora har abada. Sai an dangwala ne baladiyya za ta cire waya, ta goge jan fenti, ta jawo wa unguwar famfo.

Kawu ya sa aka kira injiniyan aikin. Ya ce, "An kwashe duka?"

Injiniyan mutumin kirki ne. Ya ce, "Ya hajji, duk abin da na'urarmu ta gani mun cire. Amma dutsen nan da kansa ƙarfe ne a cikinsa, yana rikita ta. Kai ka zuba. Nawa ne?"

Kawu ya ce, "Ban ƙirga ba. Shara ce, wa ke ƙirga shara?" Ya juya wurin wakilin. "Ni ban sani ba, shi bai sani ba. Wanda ya sani yana ƙasa, kuma ba ya magana sai da zafi. A bari zafi ya zo ya wuce. In ƙasa ta yi shiru har dabino ya nuna aka gama girbe shi, ga yatsana."

Wannan ita ce rigimarsa ta ƙarshe, kuma ita ta fi tsada. Maƙwabta sun gaji da sayen ruwa, sun gaji da jan fenti a bangonsu kamar gidan annoba. Suka ce tsohon da ya zuba musu guba shi ne kuma ya hana a sallame su. Wasu suka daina amsa sallamarsa. A masallaci akan bar gurbi a gefensa. Kullum kafin azahar sai ya jawo kujera ya zauna a ƙofar gidan 'yarsa, ya cire takalma, ya dafa tafin ƙafarsa a ƙasa, ya rufe ido. Hannayensa tun ranar tonon ba su warke ba, suna naɗe da tsumma. Tari kuma ya kama shi, irin wanda ke fitowa daga can ƙasa.

Zafi ya shigo, ya yi nisa, ƙasa ba ta ce komai ba. Kawu ya kwanta.

Wata la'asar babban ɗansa ya shigo da wakilin. Ba na zarginsa. Mutanen unguwa sun hana shi sakat, kuma ya yi imani an gama. Kawu yana kwance, numfashi sama-sama, bai san wanda ke kansa ba. Ɗan ya buɗe tawada, ya kamo hannun dama. Sai muka ga Kawu ya cusa babban yatsan a cikin tafinsa, ya dunƙule sauran a kai. Ɗan ya gwada buɗewa. Tsohon da ba ya iya ɗaga kofi, amma hannun nan kamar an ɗaure da waya.

'Yar Kawu ta ce daga bakin ƙofa, "Yaya, in ka karya masa yatsa, da wanne zai yi tahiya?"

Wakilin da kansa ya rufe jakarsa ya ce ba ya karɓar shaidar wanda ba ya cikin hayyacinsa.

Ni na yi masa wanka, ni da limamin unguwa. Hannun yana nan a dunƙule. Da ruwan ɗumi da lallashi muka buɗe shi. Tabon laujen yana nan, yatsan babu tawada. Na wanke shi sau uku kamar sauran.

Da Kawu ya tafi, magana ta koma hannun magada. Babban ɗan ya yi wa maƙwabta alkawari cewa da an shafa fatihar sadakar uku zai sa hannu. Abin da ya kawo wakilin rumfar ke nan, da takardar a cikin jakarsa. Ana jiran a yi azahar, a ci abinci, a yi addu'a. Sai ƙasa ta buga a ƙarƙashin wakilin.

Wannan ne abin da 'yar Kawu ke nufi da a shaida.

Wakilin ya ajiye finjalinsa a hankali. Ya dubi tabarmar, ya dubi babban ɗan, ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinka." Ya ɗauki jakarsa ya koma Jidda da takardar ba sa hannu. Ɗaya daga cikin maƙwabtan da ke gefe, wanda ya fi kowa zafi a kan Kawu, ya tashi ya shiga gidansa ya fito da 'ya'yansa daga tsakar gida.

Injunan sun dawo. A daidai inda aka kafa rumfar, da ƙarƙashin zauren maƙwabcin nan, an sami wani reshe na kwarin da ba a taɓa ba, cike da baramil, ƙasar da ke kansu ba ta kai tsayin mutum ba. Yanzu haka ana kan cirewa, kuma masu inshorar ne ke biya, domin takardar a buɗe take. Ban ce Kawu ne ya buga ba. Malamin ya yi gaskiya, matattu ba sa ƙwanƙwasa. Ƙarfe ne zafi ya kumbura. Abin da na sani shi ne, da yatsan nan ya miƙe ranar la'asar ɗin, da bugun ya zo ya same mu ba mu da wanda za mu kira.

Takardunsa mun shanya waɗanda suka tsira, mun sake yi musu sutura, mun kai su wani wuri mai tsabta da ba zan faɗa ba. Yarinyar tana tafiya da ƙafafunta, amma tabon yana nan. Na gan ta ran nan ta tsinci takarda a bakin titi ta soke a tsagar bango, ba wanda ya ce ta yi.

Wakilin ya aiko yana tambaya wa zai sa hannu in an gama wannan karon. 'Yar Kawu ta ce ita ce, kuma sai wani zafin ya zo ya wuce. Babu maƙwabcin da ya yi gardama. Kujerar tana nan a ƙofar gida. Kullum kafin azahar takan fito da lulluɓinta ta zauna, ta cire takalma, ta dafa ƙafa a ƙasa. In ka ratsa unguwar a wannan lokaci za ka ji kowa ya yi shiru, har yara.

Allah ya gafarta wa Kawu abin da ya zuba bai sani ba, ya karɓi abin da ya ɗaga. Allah ya sa ƙasar da yake kwance a ciki ta yi masa sanyi, ta yi masa shiru. Mu kuma Allah ya kyautata namu zuwan.